Ɗigon Toka a Hoton Hanyar Damari

Tun kafin kiran assalatu na fito daga gida a Katsina, kwamfutata a cikin wani tsohon buhun taki, don jaka mai kyau tambaya take jawowa a shingen hanya. A tasha na yi asuba, amma ba direban Ƙanƙara da ya taɓa makulli sai da gari ya waye tangaran.

Sana'ata gina fuskar shafukan intanet, wato ɓangaren da ido ke gani yatsa ke taɓawa. Na yi wa wata ƙungiyar direbobi ɗan shafi mai nuna halin hanyoyin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: kore a bi, ja a dakata. Kowace hanya da mai ba da labarinta, sunansa a ƙasa. Na Damari shi ne Malam Habu mai faci, dattijon da muryarsa kawai na sani. Wata ranar kasuwa aka yi ta yaɗa hoton shafin a wayoyi, Damari kore shar da sunansa. Mota ta bi, 'yan bindiga suka tare ta suka shige daji da mutane. Ni na duba, ja ya sa tun da safe, amma a Damari hoton aka gani, ba abin da na duba ba. Aka ce Malam Habu infoma ne, mai yi wa 'yan bindiga aiki. Mai gari ya ɓoye shi a gidansa, 'yan sa-kai suna jira a waje, kuma kowa a yankin ya san inda irin wannan zargi ke ƙarewa.

Ƙanƙara

Ta Malumfashi direba ya zaga da mu. A wani shinge jami'i ya zura hannu cikin buhuna, ya dube ni, ya sake duban buhun, ya tambaya ko yanzu da kwamfuta ake noma. Na nuna katin shaida, ya sake ni ba don ya yarda ba.

Da hantsi muka isa. Na zauna wurin mai waina a tasha ina tambayar wa ke da hoton nan a wayarsa, nan take benci ya zama nawa ni kaɗai. Ban ga laifinsu ba, baƙo mai tambayar hanya ba abin zama kusa da shi ba ne. Daga baya wani direba, Isiya, wanda ƙanensa ke cikin waɗanda aka ɗauke, ya miƙo min wayarsa yana riƙe da gefe ɗaya.

Na buɗa hoton da yatsu biyu. Kwalliyar tawa ce, wadda na sake kwanan baya da sababbin dabarun CSS, yaren da ake ƙawata shafi da shi, har da yadda akwatunan ke lanƙwasa kansu daidai da faɗin waya. Sai na ga wani ɗan da'ira mai ruwan toka kusa da kalmar Damari. Kowace burauza ta kwamfuta, wato manhajar buɗe shafukan intanet, tana da ƙofar baya ta masu gina shafi. Idan ka buɗe ta, kana iya sauya rubutu da launi a allonka kai kaɗai, kana iya matse shafin ya zama kamar na waya. A nan ne 'yar kibiyar linzamin kwamfuta ke komawa wannan ɗigon, yana kwaikwayon yatsa. Waya ba ta yinsa. Da can sai mai sana'a ke iya wannan wasa. Yanzu an sa wa burauzoji mataimaki, ka rubuta masa abin da kake so ya sauya maka.

Isiya ya tambayi abin da na gani. Na ce ya tura min hoton tukuna.

Faskari

Motar da na samu sai da ta kai kaya Yankara sannan ta juyo da mu. Bayan la'asar na sauka wurin Alhaji Sule, sakataren ƙungiyar, mutum mai fara'a da yawan rantsuwa. Tuwon masara da miyar kuɓewa ya sa aka kawo, ya ce ɗakin baƙinsa nawa ne. Ya yi ta jajanta lamarin Malam Habu, har ya fi ni.

Da safe ya roƙe ni in duba kwamfutar ofis, wai ta yi nauyi. Hannuna ya saba, ina zama na danna makullin ƙofar bayan nan. Ita kuwa burauza ba ta mantuwa, yadda aka bar ta haka take buɗewa. Allon ya matse ya zama siffar waya, ɗigon toka ya fito yana bin hannuna.

Na ɗaga kai. Alhaji yana bakin ƙofa yana kallon titi. Na tambaye shi wa ke amfani da ita.

"Kowa da kowa," ya ce. "Ohis ɗin ga ba a kulle shi. Mi ka gani?"

Na ce ƙura ce ta yi mata yawa. Zuciyata kuwa sai saƙa take yi. Ranar da shafi ya yi ja ba a lodi, ranar kasuwa kuma ita ce ranar samu. Mai son a yi lodi zai iya yi, mai son mota ta faɗa hannun ɓarayi ma zai iya yi, haka mai shigowa cajin waya. Shi ya raka ni tasha, ya sa aka ba ni gidan gaba.

Sabuwa da Damari

Ta Funtuwa da Dandume muka bi, daga nan hanya ta lalace, itatuwa suka matso bakin titi. A Sabuwa na hau babur zuwa Damari. Mai babur bai tambaye ni wurin wa zan je ba, ya ce an riga an san da zuwana. Wannan bai kwantar min da hankali ba.

Zauren mai gari cike yake. Malam Habu na zaune a lungu, siriri, hannayensa baƙi da aikin taya, bai ɗago ba. Na san dogon bayani ba zai fisshe shi ba, sai na buɗe kwafin shafin da na ajiye, don sabis babu. A gaban idonsu na mayar da Sabuwa ja, na goge sunan mai ba da labari na rubuta na shugaban 'yan sa-kai, na matse shi ya zama na waya, na ɗauki hoto. Na ajiye wayata mai hoton da Isiya ya turo min kusa da allon. Ɗigon toka a nan, ɗigon toka a can.

Shugaban ya daɗe yana kallon sunansa. Mai gari ya tambaya ko Habu na da irin wannan na'ura, wani ya ce ko rediyonsa sai an buga take magana. Ba wanda ya yi dariya. Aka ce Malam Habu ya tashi ya tafi gida, ya miƙe ya nufi ƙofa. Tausayinsa ya kama ni har na kau da kai.

Sai shugaban ya juyo kaina.

"To wanga aiki, wa ya yi shi? Kai ka san masu injin."

Ɗanɗanon miyar kuɓewar jiya ya dawo min a baki. Na dubi bindigogin da ke jingine a bango, na dubi lungun da Malam Habu ya tashi, tabarmar ba ta ko huce ba. Abin da ke hannuna zato ne, kuma zato ne ya zaunar da shi a wurin.

"Hoton ya nuna kwamfuta ce," na ce. "Bai nuna hannun wa ba."

Ya ce in na tuna in kira shi. Kallon da ya bi ni da shi har bakin babur ya sa na san bai gama da ni ba.

Gida

A Funtuwa na kwana, washegari kafin azahar ina Katsina. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Isiya, wanda har yau ƙanensa ke daji, da mai garin Damari da ya riƙe ƙofarsa. Na cire sunayen masu ba da labari daga shafin gaba ɗaya, na kuma kai abin da na gani inda ya dace a bincika.

Ina cikin cin abinci waya ta yi ƙara. Alhaji Sule ne, yana yi min barka da sauka. Na yi masa godiyar tuwo da makwanci.

"Sun tambaye ka wa ya yi?" ya ce.

Ni kuwa tun farko ban taɓa gaya masa abin da na je yi Damari da kwamfuta ba, ban kuma gaya masa hoton na jabu ne ba.