Ranar da Baba Ya Ɗanɗana Teku

Babana ba ya sanin gari sai ya sha ruwansa. Shekara da shekaru yana aiki a ma'aikatar ruwa, yana yawon duba rijiyoyi daga Kelle zuwa Bune har Alakos, kuma duk inda ya sauka, kafin ma a gama gaisuwa, zai ce a jawo masa guga. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya lumshe ido, sannan ya yanke hukunci: wannan mai garɗi ne, wannan da kanwa, wannan kuwa zartsi ne, ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sha. Inna takan ce da ruwan garinsu bai yi masa ba, da har yau tana gidan ubanta.

Tun ina ƙaramar lakwal, wato firamare, yake min alkawari. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka uwata yake ce min. "Uwata, ranar da kika kawo babbar takarda, zan kai ki ki ga teku." Akwai wata tsohuwar taswira a ɗakinsa, sai ya ɗora yatsa a kan garinmu Gure, ya ja shi ƙasa a hankali har ya faɗa cikin shuɗi. Na daɗe ina zaton domina ake alkawarin. Sai da na girma na gane cewa shi ne yake son ganin ruwan, ni ce dai hujjarsa.

Shekarar da na gama jami'a a Damagaram idonsa ya fara tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, saura kuma sai lallaɓawa. Na dawo gida da takardata, ya shafa ta da hannu biyu, ya ce a fara shiri. Ni da Inna muka kalli juna. Duk mun san ba don takardata ake gaggawa ba. Tsere muke yi da duhu.

Ƙanin Inna yana zaune a Kotonu, can za mu sauka. Muka shiga kar, babbar motar fasinja, da sassafe, Inna da jakar dabino da kilishi kamar za mu ƙasar da ba a girki.

Tafiyar nan har yau ina tuna ta kamar barcin rana, wanda mutum yake jin maganar gida amma ba ya iya tashi. Rairayi ya yi ta bin mu, sannan ya gaji ya koma. Bishiyoyi suka fara tsawo. Bayan Doso ƙasa ta yi ja, a Gaya muka haye kogi, mata suna wanki ƙanana-ƙanana can ƙasan gada. Daga nan sai kore, kore har ya gundure ni, da wani irin iska mai nauyi da ke manne wa fata. Ina gyangyaɗi ina farkawa, kowace farkawa da sabon gari da sabon harshe a bakin taga. Duk tashar da aka tsaya Baba sai ya nemi ruwan wurin. Inna tana ta faɗa, wai zai jawo mana gudawa a ƙasar mutane.

Ni ce mai nuna masa hanya. "Baba, ga gonar rogo." "Na gani." "Ga ayaba a kan uwarta." "Na gani, masha Allah." Can wani shaiɗan ya shige ni. Muna wuce fili fetal, babu ko tsuntsu, na ce, "Baba, ga shanu."

"Na gan su," ya ce. "Sun ƙoshi kuwa."

Na juyar da kaina taga. Kunya ta kama ni, tsoro ya fi ta. Ban sake nuna masa komai ba har muka isa.

Washegari da hantsi kawu ya kai mu bakin teku. Ranar akwai hadari, sama da ruwa sun zama launi ɗaya, toka-toka, ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Ni mai ido biyu ma sai da na tsaya. Ƙarar ce ta fara zuwa, wani gurnani mai tafiya yana dawowa. Inna ta riƙe gyalenta tana salati a hankali.

Baba ya cire takalmi. Ƙafarsa ta nutse, ya sunkuya ya damƙo, ya murza.

"Kwana biyu a kar," ya ce, "ashe rairayi muka zo gani. Wannan ai mun baro shi a ƙofar gida."

Kawu ya yi dariya. Baba ya miƙe, ya juya fuskarsa gefe, wajen farin yashin da ya miƙe tare da gaɓa, ya daɗe yana kallo. "Masha Allah. Yana da faɗi." Tekun yana hannunsa na hagu. A raina na ce shi ke nan, mun makara.

Ban san lokacin da na kama hannunsa ba. Na tattare zanena, na ja shi. Yashi ya yi sanyi, ya yi tauri, sannan ruwa ya zo da gudu ya naɗe mana ƙafafu, ya koma yana jan ƙasa daga ƙarƙashinmu. Baba ya ƙanƙame ni. Da ruwan ya dawo karo na biyu, sai ya sake ni ya durƙusa, ya haɗa tafukansa ya tara.

"Malam, kar ka sha!" in ji Inna daga baya.

Ya kurɓa. Ya riƙe a baki. Ya lumshe idon da ba ya buƙata. Na tsaya ina kallonsa kamar yadda mutanen ƙauye suke tsayawa a bakin sabuwar rijiya suna jiran abin da zai ce. Ya daɗe fiye da kullum kafin ya tofar.

"Zartsi," ya ce. "Uban zartsi. Duk wannan ruwa, ba zai shayar da akuya ɗaya ba."

Sai ya fara dariya, ruwa yana bin gemunsa, rigarsa ta jiƙe har ƙirji. "Na ƙare ƙuruciyata ina neman ruwa a ƙarƙashin rairayi, uwata, ga shi nan a sama yana wasa." Ya sake tara hannu, wannan karon ya wanke fuska, ya wanke idanun, sau uku. Na yi kuka, ban ɓoye ba, don na san ba zai gani ba.

Da muka dawo Gure zaurenmu ya cika da masu sannu da zuwa. Ina kawo musu shayi, wani tsohon abokin aikinsa ya ce, "To Malam, ka ga tekun? Yaya girmansa?"

Na tsaya da faranti a hannu. Baba mutum ne da ba ya son ƙarya a gaban jama'a.

Ya laluba ya samo hannuna, ya matse.

"Na sha shi," ya ce. "Girmansa kuwa, wallahi ban ga ƙarshensa ba."