Makullin Motar Noraogo

Shekara goma sha tara Noraogo Kafando ya yi yana tuƙa motar gwamnati a wani gari da ke arewa da Wagadugu, bai taɓa tayar da ita ba sai da takarda mai sa hannun kumandan, Baturen da ke mulkin garin. Da wannan aka san shi, da shi kuma yake alfahari.

A daminar 1957 Faransa ta sakar wa 'yan ƙasa wani ɓangare na mulki. Aka naɗa ministoci, aka ce harkar lafiya ta koma hannunsu, har da motar Noraogo, wadda ke kai marasa lafiya babban asibiti. A watan ne cikin 'yarsa Sibdu, mai shekara tara, ya kumbura ya yi tauri.

Malamin asibitin garin, Toe, ɗan ƙabilar Samo ne, abokan wasan Mosawa, ƙabilar Noraogo. Ya danna cikin, yarinyar ta yi ƙara.

"Bawana, wannan sai wuƙar likita. Ɗauko motar nan taka, tsohuwar jaka, ku kama hanya."

"Ubangidanka kake aike, mai cin kare? Ba ni takarda."

"Ni wa? Hannuna bai kai nan ba."

Noraogo ya je wurin kumandan, ya cire hula. Baturen ya ce motar ta bar hannunsa tun farkon wata, amma zai buga wa ofishin minista waya. Ya kuwa buga a gabansa. Ranar Litinin ce.

Matarsa Tene na dama ruwan gari da ya koma gida. Ba ta ɗago ba.

"Baban Sibdu, mene ne wancan a aljihunka?"

"Makulli."

"Au, na ɗauka laya ce. Ashe yana buɗe wani abu."

Ya ce mata mulki bai taɓa zama ba mai shi ba, sai dai a yi haƙuri a ji a kan wa ya sauka. Yanzu ma na gida ne, ba za su bar 'yarsu ba. Ya cika tanki, ya duba tayoyi, ya shimfiɗa tabarma a baya. Talata ya wuni a bakin gidan waya.

Amsa ta iso Laraba da hantsi, layi biyu, an yarda. Tafiyar kilomita casa'in ce. Sun ci sittin da huɗu, daidai wata gada, Tene ta buga rufin motar sau biyu. Ya tsaya, ya zagaya, ya ga Sibdu ta cika. Sai ya koma ya ci gaba da tuƙi zuwa asibiti, domin can takardar ta ce.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a kan hanyar nan. Waɗanda ya ɗauka sun ce idan an kusa gadar yakan rage gudu, ya karkata kai kamar mai sauraron wani a baya. Wata ungozoma ta taɓa tambayarsa ko injin ne.

"A'a," in ji shi. "Ranar Litinin ma lafiyarsa ƙalau."