Ranar da Na Durƙusa da Alli a Hannu

Makarantarmu ta firamare tana bayan coci, a wani ƙauye kusa da Janfalan. Mu 'ya'yan Kiristoci ne manoma, kuma malaman da ake turo mana daga gari ba sa daɗewa. Shekarar da gwamnatin soja ta rage ma'aikata, daga hedimasta sai Malama, 'yar kudancin Kaduna, suka rage mana. Aka ce duk makarantar da aka tarar da aji babu mai koyarwa, rufe ta za a yi. Ƙannena kuwa ƙanana ne, ba za su iya takawa zuwa wani gari ba.

Ina aji shida, ko ido ba na iya haɗawa da babba. Amma ni Malama ta miƙa wa alli.

"Je ki riƙe min 'yan aji ɗaya."

"Malama, muryata ba ta fita."

"Ran Lahadi wajen waƙa ta wa kika ara?"

Wata Talata ina rubuta baƙaƙe a allo, sai na ji tsayuwar mota. Jami'in ilimi ya shigo, soja na bayansa. Ban ga fuskar sojan ba, takalminsa na gani, da bakin bulala yana taɓa gwiwarsa. Na yi abin da aka koya min a gida, na durƙusa. Yaran duka suka sauko daga benci suka durƙusa. Babu kowa a tsaye gaban allo.

"Ina mai koyarwa a nan?" in ji jami'in.

Allin ya karye a tafina. Na san na jawo mana.

Sai na ji muryar Malama ta taga: "Ranka ya daɗe, ga ta nan. 'Yata, tashi. Mai alli a tsaye take gaisuwa."

Na miƙe. Na nuna harafi, na ce, "Ba." Ni kaina da ƙyar na ji. Yaran suka amsa da ƙarfi, "Ba."

"Wannan 'yar ƙaramar?" in ji jami'in.

"Tamu ce," in ji Malama. "In ta yi karatu, ita ba za ta nemi canjin wuri ba."

Suka tafi, ba su rufe mu ba.

Da yamma Malama ta sami Baba yana ɓare masara, ta yi masa maganar kwalejin horar da malamai. Ina laɓe bayan rumbu ina saurare.

"Wannan da ko baƙo ba ta iya kallo?" in ji Baba.

"Yau gaban soja ta koyar."

Baba ya daɗe yana juya masarar. Can ya ce, "To, in dai nan za ta dawo."