Riguna Biyu Masu Ruwan Shayi

Ni da yayana rabin fim ɗin kawai muka gani. A Bur Sudan ne, muna samari, mun baro Kano a kan hanyar hajji, muna dako a bakin teku kafin a sami jirgin da zai tsallaka da mu Jidda. 'Yan kasuwar Indiya na garin suna da wani fili inda suke kafa farin ƙyalle bayan magariba, kuma ba sa korar wanda ya tsaya daga baya. Fim ne marar launi, baƙi da fari, na 'yan fashin teku da takubba. Ba mu ji ko kalma ɗaya ba, amma labarin a fili yake. Wa ne da ƙane, wani azzalumin waziri ya ƙwace gidan ubansu. Wan yana sanye da farar riga mai faɗin hannu da zare a ƙirji, yana lilo da igiyar jirgi, takobi a haƙora. Daidai inda aka kama shi aka ɗaure, ƙanen ya faɗa ruwa don nemo taimako, sai mai injin ya kashe ya ce sauran sai gobe. Washegari da hantsi aka kira mu jirgi.

Kamar yadda muka saba a Kano, ba mu nemi sunan fim ɗin na gaskiya ba. Namu muka raɗa masa, Mai Farar Riga, muka ɗauka ya ishe mu.

Bayan hajji hanya ta rabu. Yaya ya zauna a unguwar Jarwal cikin Makka, ya yi dako a Mina, ya tura alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa har gwiwoyinsa suka ƙi. Ni kuwa ƙafata ba ta iya zama ba. Na ce masa shekara biyu zan yi a jiragen ruwa, na yi talatin da ɗoriya, ina fataucin yadi daga Adan zuwa Bombay zuwa Abijan. A Bombay na nemi fim ɗin. Na iya Urdu a lokacin, na bi masu silima ina kwatanta musu riga da igiya, suna dariya suna cewa fina-finan takobi sun fi gashin kaina yawa. A kunnen saurayin Kano duk bakin Indiya ɗaya ne. Kafin in san bambancin harsunansu, sautin wancan daren ya riga ya fita daga kaina.

Da na dawo Makka na kama ɗaki a unguwar Misfala, na tarar idon Yaya ya tafi, tunaninsa ma ya fara bin sa. Sunayen jikokinsa sukan ɓace masa. Amma duk ranar da na je, bayan gaisuwa, tambaya ɗaya yake yi: wai ƙanen nan ya dawo kuwa? 'Yarsa, wadda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta, takan ce masa ga shi nan a gabanka, ya abuya. Sai ya yi tsaki ya ce ba wannan ba, wanda ya faɗa ruwa.

Na taɓa yi masa ƙarya na ce ya dawo. Ya tambaye ni ta yaya, da su wa. Na yi inda-inda. Tun muna yara ya san muryar ƙaryata, sai ya juya fuskarsa bango. Likita kuma ya riga ya gaya wa 'yarsa kada a sa rai da nisa.

A lungunmu akwai wani dattijon tela, Musulmi daga ƙasar Tamil, kudancin Indiya. Na kai masa jallabiya ya rage mini tsawo, don tsufa ya fara mayar da ni ƙasa. Ina jira sai idona ya faɗa kan wani tsohon hoto a bango: mutum a gaban keken ɗinki, a bayansa an rataye riga mai faɗin hannu da zare a ƙirji. Na tambaye shi da Larabci wane ne. Ya ce mahaifinsa ne, tela ne a wani gidan shirya fim a Madras. Na ba shi labarin wa da ƙane da waziri, tun ban kai ƙarshe ba ya ajiye almakashi.

Ranar bai taɓa jallabiyata ba. Ya ce tekun da ya tsorata mu tafki ne da aka gina, ruwansa iya ƙugu, mutane na kaɗa shi da katako. Jirgin rabi ne, ta baya babu komai sai tsani da masu riƙe fitila. Takubban na gwangwani ne, in an yi sara biyu sai an miƙe su a gwiwa, ƙarar kuwa daga baya aka sa ta da cokula. Na ce to farar rigar fa?

"Ya Hajj, ba fara ba ce," in ji shi. "Fari yana kashe idon kyamara. A ruwan shayi mahaifina yake jiƙa ta. Shekara nawa kuna son rigar da ba ku san launinta ba?"

Na ce ai mu ma a Kano mun san rini, sai dai ba mu taɓa ɓarnar shayi haka ba. Ya yi dariya ya faɗa mini sunan fim ɗin, dogo ne, harshena bai iya juya shi ba. Ya nema a wayarsa, muka sami guntun faɗa ɗaya mai dishi-dishi. Ya ce sauran, a iya saninsa, damshi ya cinye. Na tambaye shi ƙarshen labarin. Ya ce bai sani ba. Mahaifinsa mutumin masallaci ne, ɗinkin yake yi don abinci, bai taɓa shiga silima ba, bai kuma bar 'ya'yansa sun shiga ba.

Na miƙe zan tafi, sai ya ce in dakata. Ya ce tela yana sanin labari ta hanyarsa. Mahaifinsa yakan faɗa cewa rigar wan kala ɗaya ya ɗinka ta sau da yawa, kowace ta fi ta baya yagewa, don a bi wahalar da yake sha. Ta ƙanen ma haka, har da wadda ake jiƙawa kullum. Amma aikin ƙarshe da aka ba shi, na ranar rufe fim, riguna biyu ne sababbi daga yadi ɗaya, masu aiki a wuya, ɗaya ta fi ɗaya faɗin kafaɗa. Ya ce ba a yi wa rigar gawa aiki a wuya.

Na hau mota zuwa Jarwal bayan la'asar. Na zauna a bakin gadon Yaya na faɗa masa komai, tafkin da cokulan da shayin, ban ƙara ko gishiri ba. Ya saurara idonsa a rufe. Da na zo kan riguna biyun sai ya ce anko ke nan suka yi.

"Ashe ya dawo."

"Ya dawo, Yaya. Sai dai ina jin ya makara."

"Wa ya tambaye ka? Je ka ce telan ya ɗinka mana."

Telan ya ɗinka su cikin kwana huɗu, ya jiƙa su a shayi yadda mahaifinsa yake yi. Yaya ya shafa hannun rigar, ya kai ta hanci, ya ce shayin ya yi ƙarfi, Indiyawa ba su san misali ba. Juma'a biyu ya sa ta, ta uku ba ta riske shi a duniya ba. Tawa tana rataye a bayan ƙofa, ƙanshin ya kusa fita.