Amaryar da Ba Ta Tare Ba

Da ana iya janye magana bayan ta fita, da na janye ƙaryar da na yi wa wani dattijo a unguwar Karantina ta Jidda. Lokacin ina da ƙarfina, ina dako a tashar jiragen ruwa, kuma na gaji ɗakuna biyu daga mahaifina. A ɗayan, wani tela daga Hausawan Sudan ke haya da matarsa tun mahaifina yana raye. Ammi nake ce masa, wato baffana, shi kuwa ɗana yake kirana.

Da arziki ya shigo Jidda, haya ta yi tsada, sai hukuma ta hana a ƙara wa tsohon ɗan haya fiye da ɗan abin da ta yanka. Ba a kuma tashinsa sai in mai gida ko iyalinsa za su zauna. Muharram ya matso, watan da muke sabunta haya, wani baƙo kuma ya yi mini tayi mai tsoka. Sai na ce wa Ammi ƙanena zai yi aure, ɗakin nake so. Na shirya wa gardama, amma ya rungume ni yana dariya, wai ashe yaron da yake ɗinka wa wandon makaranta ya isa ajiye mace. Ya ce halas, magana ta ƙare, ba shi zai hana amarya tarewa ba. Kafin su kwashe kaya suka shafe ɗakin da farar ƙasa, matarsa ta bar randarta don amarya ta sha ruwan sanyi. Suka koma bayan gari, inda ba mai kawo ɗinki.

Ba a jima ba ya dawo da farar jallabiya da ya ɗinka wa ango. Sai ya tarar da baƙon da na ba ɗakin a ƙofa yana ɗiban ruwa a randar, ni kuma ina tsaye. Da ya kai ƙarata, da an mayar masa da ɗakinsa. Bai kai ba. Ya miƙo mini rigar, ya ce in adana, ai wata rana yaron zai yi auren.

Ƙanena ya sa ta ranar ɗaurin aurensa, bayan rasuwar Ammi, mutane suna ta yabon ɗinkin, ni na kasa ɗaga kai. Dokar nan na ɗauka takura ce, ashe ni take karewa daga kaina. Ina roƙonku, masu gidaje, in Muharram ya zo kada ku ƙirƙiro wa kowa amarya.