Shekara tara da rasuwar Laminu, an ce in jira a waje

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Laminu, tela a Sabon Gari. Shekara tara ina zagin likitoci, yau kuwa ban san wa zan zaga ba.

Ciwonsa ba irin wanda ake nuna wa da yatsa ba ne. Ya daina buɗe shago, ya daina cin kirki, sai ya zauna ya zuba wa keken ɗinki ido. Na kai shi asibiti a nan Maraɗi, na kai shi Tibiri wurin wani likita da aka yaba mini. A auna jini, a ce babu kome, a ba mu maganin masassara mu dawo. Haka ya rame har Allah ya karɓi abinsa. Na ce sakacinsu ne, na faɗa a kowace fada da muke zaman hira.

Watan jiya na ɗauki matata Zuwaira a babur zuwa ƙaramin asibitin Jiratawa, garinsu, tana fama da ciwon kai. Na buɗe baki zan yi bayani kamar kullum, sai likitar, yarinya sa'ar ɗiyata, ta ce, "Baba, ka ɗan jira mu a waje." Wai an yi musu horo, su riƙa tambayar abin da ke cin mutum a rai. Raina ya ɓaci. Matata ce fa!

Ina kan benci abin ya faɗo mini. Duk zuwanmu asibiti da Laminu, ni ne mai magana. Ni ne babba, ƙane ba ya magana gaban wansa. Likita ya ce, "Me ke damunka?" ni in ce, "Masassara ce, likita." Shi ko ya sunkuyar da kai.

To da an kore ni a lokacin, da ya faɗa? Ko dariya zai yi ya ce ciwon damuwa na masu kuɗi ne? Wallahi ban sani ba. Na san ajali ba ya wuce ranarsa, amma sanin bai sa na huta ba.

Zuwaira ta fito idonta ja. Na ce, "Me kika ce mata?" Ta ce, "Abin da ta tambaye ni, Malam." Shekara ashirin da huɗu muna gida ɗaya.

Rigunan da Laminu ya ɗinka mini har yau ɗinkinsu bai saki ba. Muryarsa ce na kasa tunawa. Allah ya jiƙanka, Laminu, ka yafe wa wanka.