Rawar da Na Taka da Ɗiyata a Filin Wasa

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran 'yan uwa mata a wannan shafi, yau ni ma na kawo nawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, duk da cewa wasu daga cikinku wataƙila sun taɓa ganin fuskata a waya ba su san ni ce ba.

A lokacin da abin ya fara ni matar aure ce mai ƙuruciya a wani ƙauye kusa da Anka, irin matan da ba a jin muryarsu ko a bayan katanga. In aka ce zauna, na zauna. Mijina yana cikin masu kawo dutsen zinare gida, mu daka shi a tsakar gida, yaranmu biyu suna rarrafe cikin ƙurar. Mutum ne mai sanyin hali, abu ɗaya kawai yake ɗaga masa kai: wani tsohon kaset na wasu makaɗan jita daga ƙetaren iyaka, masu haɗa jitar lantarki da manyan ganguna. Tun yana saurayi ya taɓa ganin wasansu sau ɗaya, bai kuma gaji da ba ni labarin ba. Ni ko rabin baitocin ba na ganewa, amma da yawan ji sai da na haddace su.

Sai gubar dalma ta shigo mana. Ba mu san ƙurar da muke sharewa kullum ita ke cin yaranmu ba. Namijin ya rasu a hannuna yana jijjiga. Macen ta rayu, bayan likitoci sun zo sun yi mata magani aka kwashe ƙasar gidajenmu, amma ba ta dawo yadda take ba. Ta girma ba ta magana. In ranta ya ɓaci sai ta riƙa buga goshinta da bango har sai an riƙe ta. Bayan 'yan shekaru mijina ya kwanta ciwo shi ma ya tafi, na gama takaba na koma Gummi gidan Innata tare da ɗiyata. Dangin ubanta suna Bukkuyum. Ba wanda ya ce a bar masa ita, ba wanda ya taɓa zuwa ya kwana da ita rana ɗaya don in huta. Na sami abin yi a wata makarantar Islamiyya ta matan aure, ina koya musu karatu da yamma, mutane suna kirana Malama.

Abin da mijina ya bar mini shi ne kaset ɗin nan. Ƙanena, wanda direba ne, ya kai aka juye mini waƙoƙin a waya. A nan na gano wani abu. In ɗiyata ta fara buga kai, na kunna waƙar na ɗora mata wayar a ƙirji, sai ta tsaya cak, ta rufe ido, numfashinta ya daidaita. Abin da rubutu da hayaƙi da magungunan asibiti suka kasa yi mata a irin wannan lokaci, kiɗan ubanta yana yi. Haka muka rayu har ta zama budurwa, ta kai ni tsawo.

Wata rana ina tankaɗe na ji a rediyo ana sanarwa cewa waɗannan makaɗa, da suka tsufa har wasu suka ɗauka sun mutu, za su yi wasan bankwana a babban filin ƙwallo na wani birni a jiha maƙwabciya, da rana, a tashi kafin magariba. Na ajiye rariya na zauna. Ban yi shawara da zuciyata ba, don ta riga ta yanke. Na je na faɗa wa Inna kai tsaye, ban ɓoye mata komai ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce hanya ba lafiya, kuma bakin mutane ya fi hanya. Na ce mata na sani. Ta ce to in tafi da ƙanena, kada in saki hannun yarinyar, Allah ya kai mu ya dawo da mu. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma hana ba.

Muka kama hanya da sassafe cikin jerin motoci, kowa yana addu'a a wuraren da aka san 'yan bindiga na tare mutane. Allah ya tsare. Da muka isa filin, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne mutanen. Na zaci samari zan tarar, sai na ga masu furfura sun fi yawa: dattawa da manyan riguna, wasu da rawani, mata sa'o'in Innata da jikokinsu, wani ma an turo shi a keken guragu. Wata mata da ta zauna kusa da mu ta ce mini da waƙoƙin nan aka yi bikinta, mijin ya rasu, ta zo ne ta ji su a madadinsa. Na ce mata ni ma haka. Muka raba ruwa da gyaɗa kamar mun san juna tun yarinta.

Da makaɗan suka hau dandamali, tsofaffi ne tuƙuf. Babbansu sai da aka kawo masa kujera, aka ɗora masa jitar a cinya. Ya taɓa ta sau ɗaya, ƙarar ta fito daga manyan lasifikoki ta daki ƙirjina, fili ya ɗauki ihu gaba ɗaya. Ɗiyata ta firgita. Ta toshe kunnuwa ta durƙusa tana ƙoƙarin buga kanta da benen da muke zaune, ni da ƙanena muka riƙe ta. A wannan lokaci na ce a raina na cuce ta, na ɗauko marar lafiya na kawo ta cikin hayaniya don son raina. Har na ce wa ƙanena mu tashi. Muna tattara kaya sai suka shiga waƙar da ta fi so, wadda nake ɗora mata a ƙirji. Ta sauke hannuwanta. Ta ɗaga kai tana neman inda wayar take, ba waya, sautin yana fitowa daga ko'ina, har daga ƙasan ƙafafunta. Sai ta miƙe.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ta buɗe baki ta bi karin waƙar da murya, ba kalma ko ɗaya, amma ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya ba, da ƙarfi, irin muryar da ban san tana da ita ba. Ta fara juya kafaɗu. Mutanen da ke kewaye da mu suka ja baya suka ba ta wuri, suna tafa mata, wani dattijo yana share hawaye da hularsa yana rera baitin tare da ita. Tun da ciwon ya same ta, kallo biyu na sani ana yi mata: na tausayi da na ƙyama. Ranar na ga ana kallonta kamar yadda ake kallon kowace budurwa da ta iya rawa. Ta juyo ta kama hannuna ta ja. Da hijabina har ƙasa, na tashi na taka. Ba zan yi muku ƙarya ba, na taka sosai, ina kuka ina dariya, har waƙar ta ƙare.

Ashe wani ya ɗauke mu a waya. Kafin mu iso Gummi washegari, bidiyon ya riga mu, an rubuta a ƙasansa wai ga malamar Islamiyya ta kai mahaukaciyar ɗiyarta gidan rawa. Wannan kalma ta mahaukaciya ta fi komai ƙona mini rai. Shugaban makaranta ya aiko aka ce in dakata da zuwa. Matan da na koya wa haɗa baƙi suka riƙa sauya hanya in sun hango ni. Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ban shirya masa ba shi ne zuwan wan mijina daga Bukkuyum da mota. Ya zauna a zaure ya ce na zubar da mutuncin gidansu, na jefa jininsu a hanyar 'yan bindiga, na nuna ta ga duniya, don haka ya zo ya tafi da ɗiyar ƙanensa inda za a yi mata tarbiyya. Maƙwabta sun cika ƙofar gida. Kunya ta rufe ni, irin kunyar da aka raine ni da ita, na kasa ɗaga ido. Ina tsaye aka sa ta a mota tana waiwayena. Na miƙa wayar a tafi mata da ita, ya ture hannuna ya ce kiɗan ne ya lalata mu.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Inna ce ta gaji da ganina kwance, ta ce mini in kuka zai dawo da ita to in ci gaba, in kuwa ba zai dawo da ita ba in ɗauki mayafina. Na shiga motar Bukkuyum ni kaɗai. Na tarar da ɗiyata a wani ɗaki an jingina katifu a bango, ta rame, goshinta ɗaure da tsumma. Matar gidan, baiwar Allah, ta raɗa mini cewa ba ta cin abinci, su ma ba sa barci, sun rasa yadda za su yi da ita. Wan mijina ya ce zai ba ni ita, amma da sharaɗi: a tara dangi in durƙusa in ce na yi kuskure, in rantse ba za ta sake jin kiɗan nan ba. Aka taru a tsakar gida, har da uwar mijina, tsohuwa da ba ta cika magana ba, tana zaune a kan tabarma da carbinta.

Na durƙusa, don girmansu ne, amma na ce: "Yaya, tsakanina da Allah akwai abubuwa da yawa da nike neman gafara a kansu, kuma ba ni daina nema. Amma ba ni cewa kai ta wurin nan kuskure na. Shekara da shekaru ina riƙe kan ɗiyag ga kada ta fasa shi, ban ga ƙafar kowa ba. Rana guda ta yi dariya, shi ne kuka san tana da dangi?"

Ya miƙe tsaye ya ce in tashi in bar masa gida. Sai tsohuwa ta ɗaga hannu. Ta ce ita ba ta ga abin da ake ta magana a kai ba, kowa ya gani ban da ita, a nuna mata. Na matsa na buɗe bidiyon na riƙe mata kusa da ido. Ta kalla har ƙarshe, ta ce a sake. Da ya ƙare karo na biyu ta sa bakin zane ta goge fuska.

"Kafaɗun ubanta ne," ta ce. "Haka yaka yi in ya ɗauka ba mai ganinai." Ta juya ga ɗanta. "Ba ta ɗiyarta. Kai ka iya sa ta cin tuwo? Ba ta ɗiyarta su tahi."

Wan mijina ya juya ya shige ɗaki. A cikin motar dawowa na ɗora wa ɗiyata wayar a ƙirji, ta kwantar da kai a kafaɗata, kafin mu yi nisa ta cinye ƙosan da na saya mata a tasha.

Ban koma makarantar ba, ba su kuma neme ni ba. Ina ɗinki a gida, wasu daga cikin ɗalibaina suna shigowa ta ƙofar baya in duba musu karatu. Wan mijina har yau ba ya amsa gaisuwata yadda ya kamata. Ɗiyata ba ta fara magana ba, kada wani ya ɗauka labarin warkewa nake ba ku. Tana nan yadda take, da tabo a goshi wanda ba ta da shi a da.

Wannan tabo shi ne nadamata, ba rawar ba. Na san akwai malamai da masu karatu da za su ce kiɗa bai dace ba, ba na jayayya da iliminsu, hisabina yana wurin Wanda ya san abin da ya kai ni. Abin da nake cizon yatsa a kai shi ne ranar da na tsaya a ƙofar gida na sunkuyar da kai don maƙwabta na kallo, na bari aka tafi da yarinyar da ba ta iya cewa a'a. Ni ce bakinta, kuma ranar na yi shiru.

Don haka ina jan kunnen mutum biyu. Kai mai ɗaga waya ka ɗauki wanda ba ka sani ba, ka rubuta abin da ka ga dama ka tura, ka sani akwai gida a bayan wannan fuska, kuma abin da ya ba ka dariya na ɗan lokaci yana iya raba uwa da ɗanta. Ke kuma 'yar uwata mai rainon yaro irin tawa, za a zo miki da maganar mutunci da abin da mutane za su ce, daga bakin waɗanda ba su taɓa wanke masa jiki ba. Ki gaishe su da ladabi, ki ba su ruwa su sha. Amma in suka miƙa hannu za su ɗauke shi, ki tsaya a bakin ƙofa ki buɗe baki tun a ranar, kada ki jira sai ya dawo miki da rauni.